Keken Kawu Sule a Bakin Teku

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A ɗakinmu na unguwar Matar Qadim a nan Doha, a wurin aiki, ranar Juma'a a Asian Town in mun zauna shan shayi, tambayar ɗaya ce: "Yalla Nafi'u, yaya Tailan?" Razak, mutumin Kumasi da muke kwana ɗaki ɗaya, ya fi kowa naci. Shi a ganinsa duk wanda ya je ƙasar nan giwa ya hau, ya miƙe a bakin teku ana yi masa tausa. Nakan ce masa lafiya lau, in kau da zancen. Ba rowar labari nake yi ba. Labarin ne mai sa hawaye, ni kuwa ba na son yin kuka a gaban ƙarti. Shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Aikena aka yi in ɗauko Kawu Sule in kai shi gida.

Kawu Sule yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu kaɗai suka rage. Ya bar Ringim tun ban yi wayo ba. Fataucin yadi da duwatsun ado ya kai shi Bankok, ya auri wata Musulmar ƙasar, Anti Maryam, ya zauna. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ƙarfi ya fara ja baya suka sayar da shago suka koma wani gari a bakin teku, Hua Hin. Da yakan leƙo gida jefi-jefi, sannan zuwan ya koma waya, wayar ma ta yi ta raguwa. Rannan ina cikin mota a unguwar Al Thumama ina jiran maigidan da nake tuƙawa, sai ga kiran Anti Maryam. Turancinta guntu-guntu ne, nawa ma ba abin taƙama ba ne, amma na gane. Kawu ya kamu da ciwon mantuwa. Ya daina jin yaren ƙasar, ya daina Turanci, yana ta magana da wani harshe da ba ta ji. Ta kara masa wayar a kunne. Hausa ce tsantsa irin ta mutanenmu, yana tambayar wa ya kulle masa keke.

Da na gaya wa Inna ba ta ja zance ba.

"Kai ne kusa da shi. Ka je ka ɗauko min ɗan'uwana. Ba zai ƙare a inda ba a jin abin da yake cewa ba."

Na so in ce mata Doha da Tailan ba kusa ba ne, amma a wurin Inna duk waɗanda suka hau jirgi unguwarsu ɗaya.

Biza ta ba ni wuya, ba zan ɓata muku lokaci da ita ba. Maigidana mutum ne mai faɗa, amma da ya ji batun tsoho ne mara lafiya sai ya ce, "Khalas, shi ke nan, tafi." A filin jirgin Bankok koren fasfo ya yi abin da ya saba. Jami'ar ta juya shi gaba da baya, ta dubi katin zamana na Qatar, ta kira wani, suka zaunar da ni gefe ina kallon Turawa cikin gajerun wanduna suna ta wucewa. Sai da na kira Anti ta yi musu bayani da yarensu aka miƙo min fasfon da hannu biyu. Mutanen nan ko tsare ka za su yi, da murmushi suke yi, har ka rasa wa za ka yi wa fushi.

Daga nan akwai bas har garin. Ni da na yi shekara da shekaru ina tuƙi, na nufi ƙofar da na saba, sai ga ni a gefen direba. Ya yi dariya ya nuna min in zagaya. A ƙasar nan hagu ake bi, sitiyari yana dama. Na zauna a gaba, duk tafiyar ƙafata tana laluben birki a inda babu shi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne shirun titin. Ga cunkoso kamar na Kano, ga babura ta ko'ina, amma ba mai danna hon. A Doha kuwa fitila ba ta gama zama kore ba na bayanka ya fara kashe maka kunne.

Anti Maryam ce ta tarye ni a tasha. 'Yar ƙaramar mace ce, ta tsufa fiye da hotonta. Ta haɗa tafukanta a ƙirji ta sunkuyar da kai, haka suke gaisuwa, ni kuma na rusuna kamar yadda ake yi wa matar kawu. Muka hau wata a-kori-kura mai benci biyu a baya, ita ce motar hayarsu. Gidan yana cikin wani lungu. Wayoyin lantarki a cukurkuɗe a saman kai, kwatoci an rufe su da murafun siminti, rabi sun karye, karnuka kwance a tsakiyar hanya ba mai korarsu. A ƙofar maƙwabciyarsu na ga wani ɗan ɗaki kamar akurki a kan turke, an ajiye masa furanni da jan lemo. Anti ta ce na iskokin gida ne. Na yi a'uziyya a zuciyata. Daga baya na ji cewa mai akurkin nan ita ce take bin Kawu a baya ta dawo da shi in ya fita ya ɓace, sai na ji kunyar kaina.

Na same shi a baranda a kan kujerar roba. Kawun da na sani ƙato ne mai ƙeya, wannan kuwa riga ce kawai a rataye. A gefensa wani tsohon keke baƙi, an ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo a jikin ƙarfen baranda, hannunsa ɗaya yana kan sirdin.

"Salamu alaikum. Kawu, mun same ku lafiya?"

Ya ɗago da sauri kamar an tashe shi daga barci. "Wa alaikumus salam! Kai, daga ina? Ɗan gidan wa?"

"Nafi'u ne, ɗan Ladi." Ladi sunan Inna ne na yarinta, ban taɓa furta shi da bakina ba sai ranar.

Ya kece da dariya. "Ladi? Yaushe aka yi wa Ladi aure har ta haifi ƙato kamarka? Zauna dai, zauna." Ya riƙe min wuyan hannu ya ƙi saki. "Ta wace hanya ka biyo? Ruwa ya janye?"

Ban gane wane ruwa ba, na ce alhamdu lillahi. Sai ya matso ya rage murya, ya nuna kwaɗon. "Ka san wa ke da makullin nan? Sun hana ni fita, ga kasuwa tana ci."

Anti tana tsaye a bakin ƙofa tana goge ido da gefen mayafi. Ta ce ta manta rabon da ta ji dariyarsa.

Ta yi min shinkafa da miyar kifi da ruwan kwakwa, da wani kwaɗon ɗanyen gwanda. Ni da nake cika baki a kan yaji, loma ta farko ta sa ni neman ruwa. Ga barkono ga sukari a cokali ɗaya, harshe ya rasa wanne zai saurara. Kawu ya tsakuri shinkafar ya ture kwanon. Ɗakin da aka ba ni yana baya, da fanka da tabarma, da wata tsaka mai kuka kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Sau biyu ina tashi in buɗe.

Da safe na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Wani tsohon Bature ne dogo siriri, ya sa hular kwano da matsattsen wandon da ko a ɗaki ba zan iya sawa ba. Mutumin Holan ne, Kawu ya laƙaba masa Dogo tun yana da lafiya, shi kuma ya karɓa. Garin cike yake da irinsa, tsofaffin Turawa da suka yi ritaya suka gudo wa sanyi. Da safe su hau keke, su zauna shan kofi suna mitar ramukan titi da layin sabunta takardun zama, da rana su ɓuya. Dogo ya ce lokacin da matarsa ta mutu ya rufe kansa a ɗaki, Kawu ne ya riƙa zuwa kullum yana kaɗa masa ƙararrawa har ya gaji ya fito. Yanzu shi yake ramawa. Kawu ya ɗaga masa hannu ba tare da ya san shi ba.

Shi ya ba ni labarin kwaɗon. Shekara da shekaru suna fita tare, Kawu ne a gaba domin ya san kowane rami da kowane kare mai cizo. Da ciwon ya fara, sai ya ɗauki wata ɗabi'a. Da sun fita daga lungu sai ya tsallaka ɗaya gefen titin, ya fuskanci motoci gadan-gadan. In an yi masa magana ya yi faɗa. Rannan wata mota ta goge shi, ya karya ƙashin kafaɗa. Likita ya ce ya daina gane haɗari. Anti ta sayo sarƙa, kuma tun daga ranar ya fara ƙin abinci.

Kashegari Dogo ya turo min kekensa na biyu, ya ce in zo in ga hanyar da idona. Rabona da keke tun sakandare. A nan Doha akwai hanyoyin keke masu santsi da fitilu, nakan gan su ta gilashin mota, ban taɓa samun sukunin takawa ba. Tasu ta can fenti ne aka shafa a gefen titi. Kana cikin tafiya ka tarar da mai gasa ayaba ta kafa teburi a kai, gaba kaɗan motoci sun yi fakin, can kuma sai ta ƙare a jikin falwaya ba sallama. 'Yan babur ma sukan biyo ta a baibai, amma su sun san abin da suke yi, suna raɓewa. Muka tsaya a wani shago Dogo ya sayi ruwa, ni kuma don in nuna masa direba ne ni, na riga shi hawa titi. Ban yi tunanin komai ba. Jikina ne ya ɗauke ni ya kai ni dama. Ina ɗagowa sai ga a-kori-kura shaƙe da abarba a gabana. Na murɗa kan keken, ƙafar gaba ta faɗa inda murfin kwata ya karye, na bi ta.

Direban ya fito a guje ya haɗa tafuka yana ba ni haƙuri, alhali laifina ne. Dogo yana ta faɗa da yaren ƙasar. Ni kuwa ina zaune a bakin kwata, gwiwa tana jini, hankalina yana kan Kawu. Ni da lafiyata da lasisina, hannuna ya kai ni gefen da ya saba tun yarinta. Kawu bai manta tuƙi ba, kuma bai daina gane haɗari ba. Hannunsa yake bi daidai, a kan titin Ringim, yana mamakin motocin da suka shigo masa.

Da muka koma gida na yi wa Anti bayani. Na roƙe ta ta buɗe kwaɗon, ni zan shige gaba in riƙa yi masa magana da Hausa.

"In ya mutu a titi fa?"

"Anti, a barandar ma mutuwa yake yi."

Ban so na faɗa da zafi haka ba. Ta shiga ɗaki, na ɗauka fushi ta yi, sai ga ta da makullin a zare, ashe a wuyanta yake kwana.

Kawu ya zagaya keken ya matsa tayoyi, ya gwada birki, ya ce sarƙa tana son mai. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya haye ba tangaɗi, mutumin da sai an riƙe shi yake shiga banɗaki. Ni a gaba, shi a tsakiya, Dogo a baya. A bakin lungu na ga ya karkata zai tsallaka.

"Kawu, hagu! Hagu za mu bi!"

Ya ja birki. "Kai yaro, hannun mutane za ka shiga? So kake a take mu?"

Ban san daga ina maganar ta zo min ba. "An canja doka, Kawu. Yanzu hagu ake bi."

"An sake canjawa?" Ya girgiza kai. "Ina saurayi aka mai da mu dama, yanzu kuma a ce hagu. Gwamnati ba ta gajiya. To mu je."

Haka muka tafi. A kowace kwana in ce hagu, ya yi tsaki ya biyo ni. Ya kaɗa wa mai gasa ayaba ƙararrawa, ta ɗago ta gan shi, ta saki abin da ke hannunta tana kiran maƙwabciyarta. Muka haye layin dogo, muka gangara wani lungu tsakanin manyan otal-otal, sai ga teku. Kawu ya sauka ya tura keken har inda yashi ya fara. Ya tsaya ya sa hannu a goshi yana hangen ruwan.

"Kai, bana kogi ya kawo ruwa. Ko gaɓar can ba a gani." Ya juyo gare ni. "Yau ba hayewa. Da na ce zan kai Ladi kasuwar ƙetare a kan kariyar keke. Mu koma, kada ta yi ta jira."

Na juya baya kamar ina duba taya, don kada ya ga fuskata.

Muna isa gida ya jingine keken da kansa, ya ƙwala kira: "Ladi! Kawo abinci, yunwa nake ji." Anti ta amsa da sauri ta nufi kicin. Ranar ya cinye kwanonsa har ya nemi ƙari. Na bi ta na tambaye ta ko ta san wa yake kira.

"Na sani. Ƙanwarsa. Ya daɗe bai kira sunana ba." Ta ci gaba da wanke kwano. "In ban amsa ba sai ya tsorata."

A nan na gaya mata abin da ya kawo ni, domin har lokacin ɓoyewa nake yi. Ba ta yi gardama ba. Ta kai ni ɗakinsu ta buɗe wata jaka. Kaftanansa ne da hulunansa, a wanke, a goge, a ninke, tun kafin in sauka. Ta ce ta san dangi ba za su aiko mutum daga nesa don gaisuwa kawai ba. In a can zai fi samun sauƙi, in tafi da shi. Ita ba za ta iya hana shi mutanen da ke jin maganarsa ba. Da ta yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

Na ce bari a fara haɗa shi da Inna su ga juna. Bayan la'asar na yi wa ƙanwata a Ringim kiran bidiyo ta kai mata wayar. Inna ta yi kwalliya, ta ɗaura sabon kallabi. Na zauna kusa da Kawu na riƙe masa wayar.

"Yaya! Yaya Sule! Ni ce."

Ya ƙura wa fuskar ido, ya gyara zama cikin ladabi. "Sannu Hajiya. Ina wuni? Daga wane gari?"

"Yaya, Ladi ce fa."

Ya yi murmushi irin na wanda ba ya son kunyata babba. Sai ya waiwaya wajen Anti da ke tsaye a bayanmu. "Ladi, ga baƙuwa. Kawo mata ruwa mana."

Anti ta ce "To," kalmar Hausa ɗaya da ta iya ke nan, ta tafi ta ɗebo ruwan ta ajiye a gaban wayar.

Na tashi na fita waje da wayar. Inna ta share fuskarta da bakin kallabin, ta tambaye ni ko yana cin abinci. Na ce ya fara. Ta tambaya wa ke yi masa wanka, wa ke yanke masa farce. Na ce matarsa.

"To ka bar shi," in ji Inna. "In ka kawo shi nan, ni baƙuwa ce, ita kuma ba ta nan. Ka ce wa baiwar Allahn nan na gode. Ka ce mata ta ci gaba da amsawa."

Sauran kwanakin hutuna a kan keke suka ƙare. Anti ta aro na maƙwabciya mai kwando a gaba. Rabonta da hawa tun tana budurwa, sai da ta sha faɗuwa a lungu, karnuka suna kallo. Na koya mata kalmomi kaɗan: hagu, tsaya, sannu, mu koma gida. Dogo ma ya koya, yana faɗar hagu kamar yana kakin majina. A safiyar da zan tafi ita ce ta shige gaba, mayafinta yana kaɗawa, keken yana tangal-tangal, tana ɗaga 'yar muryarta: "Hagu, Sule! Hagu!" Shi kuma yana biye da ita yana mitar yarinyar nan ta cika iyayi.

Da na ɗauko jakata na durƙusa na yi masa sallama. Jakarsa Anti ta riga ta kwashe ta, kaftanan sun koma cikin kwaba. Ya sa min albarka kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, ya tambaye ni ina na nufa. Na ce gida.

"Ka sami mai kwalekwale ke nan?" Ya riƙe min wuyan hannu kamar ranar farko. "To in ka haye, ka ce musu ina nan tafe. Ruwa kawai nake jira ya janye."

To Razak, ka ji yadda Tailan take. Giwa ban gani ba. Na koma kan sitiyarina ina bin hannun dama, ina kai yara makaranta ina ɗauko su. Duk Juma'a ina kiran Inna, mu gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi. Saƙon nan na Kawu har yau ban iya isar mata da shi ba.